Fuskar da Hannu Huɗu Suka Gina: Nazari kan Sake Zana Kwalliyar Tsofaffin Taurarin Hollywood

Tsakure

Takardar nan ta dubi yadda masu kwalliya na yau ke ƙoƙarin sake zana fuskokin taurarin fina-finan Hollywood na tsakanin shekarun 1920 da farkon shekarun 1960, da dalilin da ya sa aikin yakan fito tamkar shigar wasan kwaikwayo. Hujjarta ita ce, fuskar da ake gani a tsohon hoto aikin mutum huɗu ce: mai kwalliya, da mai fitila, da kamfanin da ya sarrafa zaren fim, da mai gyaran dodon hoto. An ɗauki fuskar Marilyn Monroe a matsayin misali, sannan aka duba abin da ke sauyawa idan fatar da za a yi wa kwalliyar baƙa ce.

Gabatarwa

A shekarar 1931 George Hurrell, mai ɗaukar hoto na kamfanin MGM, ya ɗauki Joan Crawford hoton tallar fim ɗin Laughing Sinners. Hoton ya iso zamaninmu iri biyu. A na farko, wanda ba a taɓa ba, fuskar jarumar cike take da ɗige-ɗige, ga layuka a goshi da ƙarƙashin ido, kamar dai kowace mace da ta wuni tana aiki. A na biyu, bayan mai gyaran hoto James Sharp ya shafe sa'o'i yana bin dodon hoton da tsinin fensir, fatar ta koma sumul, babu tabo ko ɗaya. Na biyun ne duniya ta gani, shi ne kuma 'yan mata suka yanka daga mujallu suka manna a jikin madubi. Abin lura shi ne Hurrell ya fi son jarumai su zo masa ba tare da sun lafta fandeshan ba, ido da baki kawai ake yi musu, domin fensir ya fi kama fatar da aka bari yadda take. Ke nan santsin da mata suka yi ta nema a gwangwanin hoda, a ɗakin wanke hoto aka haife shi.

Duk da haka sha'awar waɗannan fuskoki ba ta taɓa mutuwa ba. Madonna ta kwaikwayi Monroe a bidiyon waƙarta Material Girl a 1985. Shahararren mai kwalliya Kevyn Aucoin ya cika littattafansa Making Faces na 1997 da Face Forward na 2000 da hotunan jaruman zamaninsa da ya mayar tsofaffin taurari. Fim ɗin The Aviator na 2004 ya dawo da Katharine Hepburn da Ava Gardner da Jean Harlow a fuskokin wasu matan, Blonde na 2022 kuma ya sake dawo da Monroe. A 2004 ɗin ne Gabriela Hernandez ta kafa kamfanin Bésame a Kalifoniya, wanda sana'arsa ita ce farfaɗo da launukan jan-bakin da. Tambayar da takardar ke bi ita ce: me ake kwaikwaya a haƙiƙa, kuma da wane irin kaya?

Abin da zaren fim yake gani

Zaren fim na farkon zamanin silima, wanda ake kira otokromatik, makaho ne ga jan launi. Duk abin da ke ja, baƙi yake fitowa a majigi. Shuɗi kuwa yakan dusashe ya koma fari, har jarumi mai shuɗin ido ya fito kamar ba shi da ƙwayar ido. Jan da ke cikin fatar Bature kan fito dabbare-dabbare. Saboda haka dole aka riƙa binne fuska da fenti mai haske, a zagaye ido da kwalli mai kauri don ya rabu da fatar, a ƙanƙance baki don kada ya zama baƙin rami a tsakiyar fuska. Idon Theda Bara a Cleopatra na 1917 da ɗan tsukakken bakin Clara Bow na shekarun 1920 duk 'ya'yan wannan larura ne, ko da yake yayin kayan Masar da ya biyo bayan gano kabarin Tutankhamun a 1922 ya ƙara wa kwallin kasuwa.

A nan Max Factor ya shigo. Bayahude ne ɗan Folan, wanda ya yi sana'ar gashin kanti da kwalliya a Rasha kafin ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1904, daga baya ya zauna a Los Angeles. Fentin maiƙon da 'yan wasan dandali ke shafawa a lokacin yana da kauri, yana tsagewa da zarar jarumi ya yi dariya, kyamara kuwa ba ta rufa asiri. A 1914 Factor ya fito da wani mai laushi, kala goma sha biyu, wanda ake shafawa siriri ya bi motsin fuska.

Ƙarshen shekarun 1920 ya zo da sauyi biyu a lokaci guda. Fim mai magana ya bayyana da The Jazz Singer a 1927, sai ya zama tsofaffin fitilun da ke tartsatsi suna ƙara ba su da wurin zama kusa da makirufo, aka koma fitilun ƙwai masu haske ja-ja. Zaren fankromatik, mai ganin dukkan launuka, shi ma ya maye gurbin tsohon. Factor ya haɗa sabuwar kwalliya don wannan yanayi a 1928. Launukanta sun karkata ga ruwan ƙasa, har da na leɓe, domin abin da ake nema shi ne yadda za su fito a tsanin baƙi zuwa fari.

Wannan batu yana da nauyi ga mai kwaikwayo. Matar da ta ɗauki hoton Greta Garbo ko Marlene Dietrich na baƙi da fari ta ce za ta nemo jan-bakin da suka sa, tana neman abin da hoton bai ajiye ba. Hoton ya ajiye tazara ce kawai, wato nisan duhun leɓe daga hasken fata, da nisan duhun gira daga hasken goshi. Launin kuwa sai dai a nemo shi daga tallace-tallacen mujallu na lokacin da ragowar kayan da ke hannun masu tara kayan tarihi, irin su Lisa Eldridge ta Landan, marubuciyar Face Paint na 2015.

Da launi ya shigo

Becky Sharp na 1935 shi ne cikakken fim na farko da aka ɗauka da tsarin Technicolor mai zare uku, kuma ya tona wata sabuwar matsala. Fentin maiƙo yana sheƙi, sheƙin kuma yana ɗauko launin abin da ke kusa. Jaruma ta tsaya gefen koren labule sai kuncinta ya yi kore. Factor da ɗansa Frank, wanda ya karɓi sunan Max Factor Ƙarami bayan rasuwar uban a 1938, suka haɗa Pan-Cake: dunƙulalliyar hoda a faffaɗan gwangwani, ana ɗiba da jiƙaƙƙen soso, ta bushe ba sheƙi. An fara amfani da ita a Vogues of 1938. Jarumai suka riƙa sulalewa da ita gida, kamfanin ya gane akwai kasuwa, ya fitar da ita kantuna a 1938. Fatar nan marar ƙyalli da ake dangantawa da shekarun 1940, daga wannan gwangwani ta fito.

Jan-baki mai ja zur na wancan zamani shi ma Technicolor ya ɗaukaka shi, yaƙin duniya na biyu ya ƙara masa daraja. Elizabeth Arden ta haɗa Montezuma Red don ya dace da jan da ke kakin matan rundunar Marine Corps ta Amurka. Bayan yaƙi Hazel Bishop, masaniyar kimiyyar haɗa sinadarai, ta fito da jan-bakin da ba ya gogewa a 1950, Revlon kuma ya fito da Fire and Ice a 1952. Na ƙarshen nan yana cikin 'yan tsirarun kayan wancan zamani da suka daɗe a kasuwa da sunansu na asali.

Gidan Westmore da mai fitila

Idan Factor ne mai haɗa kaya, gidan Westmore ne masu hannu. George Westmore, Bature ɗan Ingila mai sana'ar gashin kanti, ya buɗe sashen kwalliya na farko a wani kamfanin fim a 1917. 'Ya'yansa shida suka gaje shi suka rarraba manyan kamfanoni a tsakaninsu: Perc a Warner Bros., Wally a Paramount, Bud a Universal, Monte kuma shi ya kula da fuskokin Gone with the Wind na 1939. Perc ya kasa fuskokin mata gida bakwai, ya ce mai siffar ƙwai ita ce ma'auni, sauran shidan kuwa a ja su zuwa gare ta da dabara. Dabarar mai sauƙin faɗa ce: duhu yana tura wuri baya, haske yana jawo shi gaba. Faffaɗan muƙamuƙi a sa masa inuwa, gajeriyar haɓa a haska ta. Duk mai yi wa amare kwalliya a Kano ko Damagaram da ke jan layin duhu a ƙasan ƙashin kunci, darasin Westmore take bitawa, ko da ba ta taɓa jin sunansa ba.

Sai dai inuwar da Westmore ke zanawa 'yar rakiya ce. Babbar inuwar daga fitila take zuwa. Darakta Josef von Sternberg ya tsayar wa Dietrich fitila guda a gabanta, sama da kanta, tana kallon ƙasa. Hasken ya sauka a goshi da ƙashin kunci da karan hanci, ya bar kumatu a duhu, ya ajiye 'yar inuwa mai siffar malam-buɗe-littafi a ƙarƙashin hanci. Shanghai Express na 1932 shi ne ƙololuwar wannan salo, kuma Lee Garmes ya ci kyautar Oscar ta ɗaukar hoto da shi. Dietrich ta koyi darasin har ta kai tana gaya wa masu fitila inda za su tsaya a fina-finan da ta yi bayan rabuwarta da Sternberg. Ƙari a kan haka, akan yafa wa gilashin kyamara siririn yadi idan za a ɗauki jaruma kusa-kusa, don fatar ta yi laushi.

Mai kwalliyar yau kuwa, fitila mai siffar zobe take kunnawa a gaban fuska. An ƙera wannan fitila ne takanas don ta kashe inuwa. Kyamarar gaba ta waya, idan aka matso da ita, tana ƙara wa hanci girma, ga kuma manhajar ciki da ke ƙara kaifin hoto har a ƙirga ramukan fata. Ashe kayan aikin duka suna ja da baya ne ga abin da ake nema. Don cike giɓin sai a ninka inuwar fenti, a ƙara hoda, a kaurara gira, daga nan kuma kwalliyar ta tashi daga ta tauraruwa ta koma ta dandali. A ra'ayin mai takardar, rabin kuskuren da ake gani a irin wannan aiki na fitila ne, kuma gyaransa bai wuce a kashe zoben a ɗaga fitila guda sama da kai ba.

Fuskar Monroe a hannun Snyder

Babu fuskar da aka fi kwaikwaya kamar ta Marilyn Monroe, babu kuma wadda aka fi ɓatawa. Allan Snyder, wanda ake wa laƙabi da Whitey, shi ya yi mata kwalliya tun gwajin kyamararta na farko a 20th Century Fox a 1946, shi ya yi mata ta ƙarshe ranar jana'izarta a watan Agustan 1962, yana kuma cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar. A tsawon waɗannan shekaru su biyun suka gina fuskar da aka gani a Niagara da Gentlemen Prefer Blondes, duka na 1953. Abin da masu nazarin hotunanta suka fitar ya isa a bi shi daki-daki.

Fatar ta saɓa wa yayin zamaninta. Yayin da sauran jarumai ke busar da fuska da Pan-Cake, Monroe maiƙo take shafawa a ƙasa, basilin ko man shafawa mai kauri, sannan fandeshan siriri, hoda kuma sai inda ya zama dole. Tana da lallausan gashi a kumatu wanda ta ƙi yarda a cire, domin yana kama haske ya yi wa fuskar wani irin kewaye. Mai kwaikwayo a ƙasa mai zafi ba za ta iya da basilin a duk fuska ba, rabin sa'a ya isa komai ya zube. Abin da zai yiwu shi ne a busar da tsakiyar fuska, a bar ɗan danshi a saman ƙashin kunci da ƙasan gira.

Girar tana da kusurwa, ƙololuwarta ta ɗan wuce tsakiyar ido, an cike ta da jagira ruwan ƙasa, gashi-gashi, ba a ja layi ɗaya ba. Amfanin kusurwar shi ne rage faɗin goshi.

Idon ne wurin da aikin yake, kuma nan ne yawancin masu kwaikwayo ke kuskure, domin sun ɗauka baƙin layi ne mai wutsiya kawai. Snyder yakan haska fatar idon da fari ko ruwan madara tun daga gashin ido har gira, ya sa ruwan ƙasa a lanƙwasar ido ya ja shi waje, salon da Garbo ta yi fice da shi. Layin saman ido yakan haɗa baƙi da ruwan ƙasa, ya miƙe waje maimakon ya ɗaga sama. Gashin ido na kanti rabi ake yankawa a manna a gefen waje kaɗai, nauyinsa ya ɗan rusunar da idon, shi ne kallon mai jin barcin nan da aka san ta da shi. Sai dabara mafi wayo: a ƙasan ido, daga gefen waje, akan ja wani ɗan layi ruwan ƙasa mai gangarowa, wanda ke kwaikwayon inuwar da gashin ido zai yi idan fitila na sama. Tsakanin layin sama da na ƙasa a sa ɗigon fari don ido ya buɗe, a lungun ido na ciki kuma ɗan ɗigon ja don farin ido ya ƙara fari. Wato Snyder yana zana aikin mai fitila da fensir, yadda fuskar za ta riƙe siffarta ko an fita daga ɗakin ɗaukar fim. Wannan ne dalilin da ya sa kwalliyar Monroe ta fi ta Dietrich sauƙin ɗaukowa zuwa wurin biki.

Bakin ma gini ne. Ana zagaye shi da fensir mai duhu, a ɗan fita waje da iyakar leɓe, a cike gefuna da ja mai duhu, a riƙa haskawa ana matsowa tsakiya, a ɗiga fari-fari a tsakiyar leɓen ƙasa, a rufe da mai sheƙi. Launi da yawa ne a baki ɗaya, kuma burushi ake sawa, ba a goga sandar kai tsaye. Tambayar da aka fi yi, wai wane jan-baki Monroe ke sawa, ba ta da amsa guda saboda wannan dalili. Tabon kuncinta na hagu kuwa nata ne, duhu kawai ake ƙara masa.

Sauran fuskokin ba sa buƙatar dogon bayani. Ta Audrey Hepburn gira ce mai kauri miƙaƙƙiya, da ido mai wutsiya, da baki marar hayaniya, kuma an san mai kwalliyarta ɗan Italiya, Alberto De Rossi, da raba gashin idonta ɗaya bayan ɗaya da tsinin allura bayan ya sa maskara. Ta Crawford faffaɗan baki ne da aka shafe kwarin leɓen sama. Ta Harlow siririyar gira ce kamar an ja da alƙalami, a saman inda ta asali take.

Abin da ba a ɗaukowa

Harlow aske girarta aka yi. An yi wa Lana Turner haka don fim ɗin The Adventures of Marco Polo na 1938, girar ba ta sake tsirowa ba, ta ƙare rayuwarta tana zanawa. Farin gashin Harlow da sinadarai masu ƙarfi aka riƙa yin sa har gashin ya lalace. Margarita Cansino ta sha doguwar azabar cire gashin goshi da allurar lantarki, aka rina sauran ja, kafin ta zama Rita Hayworth ta fim ɗin Gilda na 1946, aikin da manufarsa ita ce goge kamanninta na 'yar asalin Sifen. A 1933 wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure ya makantar da mata a Amurka, abin da ya taimaka wajen kafa dokar abinci da magunguna da kayan kwalliya ta 1938. Mai son siririyar gira a yau ba ta buƙatar reza: ana kwantar da gashin da gam mai wankuwa da ruwa, a rufe da fandeshan, a zana sabuwa a sama.

Akwai gargaɗin da ya shafi gida kai tsaye. Mai neman idon Theda Bara za ta iya cewa ga tozali a kusa, me ya kai ta kanti. Tozalin dutse na gargajiya yawanci ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston, ɗan iyaye 'yan Nijeriya, da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa, da aka auna tozalin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Kwalliyar shekarun 1920 tana cin kwalli mai yawa, har a fatar ido da ƙasansa, don haka fensirin ido na zamani ya fi dacewa da ita.

Idan fatar baƙa ce

Duk tsarin da aka bayyana a sama, daga zaren fim zuwa gwangwanin hoda, an auna shi ne da farar fata. Richard Dyer ya yi wannan bayani a littafinsa White na 1997, Lorna Roth kuma ta bi tarihin katin Shirley na kamfanin Kodak, hoton Baturiya da masu wanke hoto ke daidaita launi da shi tun shekarun 1950. A binciken Roth, koke-koken masu sayar da kayan katako da cakulan, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla, suna cikin abin da ya sa kamfanin ya gyara yadda fim ɗinsa ke ganin ruwan ƙasa.

Labarin Lena Horne ya nuna yadda abin yake a aikace. Ta sa hannu a kwantiragi da MGM a 1942. Kamfanin ya ga fatarta ta yi haske a kyamara fiye da yadda yake son baƙar jaruma ta fito, sai aka sa kamfanin Max Factor ya haɗa mata wani launi da aka kira Light Egyptian. Horne ta sha faɗa daga baya cewa wannan launin nata ne aka riƙa shafa wa fararen jarumai su hau matsayin da ya kamata a ba ta. Wanda ya fi yi mata ciwo shi ne na Julie a Show Boat na 1951, matsayin da ta riga ta rera waƙarsa a wani fim a 1946, amma aka ba ƙawarta Ava Gardner. A wajen silima, baƙaƙen matan Amurka sun dogara ne da kamfanonin 'yan uwansu, irin na Anthony Overton mai hodar High-Brown, kuma sai 1973 Eunice Johnson ta kafa kamfanin kayan kwalliya na Fashion Fair bayan ta gaji da ganin masu tallar kayanta suna cakuɗa hoda da kansu.

Darasin ga mai kwalliya shi ne ta sauya abin koyi. Josephine Baker a Zouzou na 1934, da Horne a Stormy Weather na 1943, da Dorothy Dandridge a Carmen Jones na 1954 sun sa kwalliyar zamaninsu cif: gira iri ɗaya, baki iri ɗaya, gashin ido iri ɗaya. Dandridge ce baƙar mace ta farko da aka tsayar takarar Oscar ta babbar jaruma, ta kuma hau bangon mujallar Life a watan Nuwamban shekarar. Carmen Jones fim ne mai launi, saboda haka yana nuna abin da hoton baƙi da fari ke ɓoyewa. Mai kallo Bahaushe ma yana da nasa tsofaffin taurarin. Masu bincike Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu sun nuna yadda fina-finan Indiya suka mamaye gidajen silima na Kano tun daga shekarun 1950, suka kuma shiga cikin gidaje ta talabijin da bidiyo daga baya. Idon Nargis a Mother India na 1957, da na Madhubala a Mughal-e-Azam na 1960, da doguwar wutsiyar kwallin Sharmila Tagore, sun fi na Monroe zama a idon iyayenmu mata.

Babban kuskuren da ake yi shi ne ɗauka cewa hasken fata yana cikin kwalliyar, sai a zaɓi fandeshan da ya fi fatar haske da mataki biyu ko uku, fuska ta yi toka-toka, wuya ya tona asiri. Tunda abin da tsohon hoto ya ajiye tazara ce, tazarar za a sake ginawa daga inda fatar take. Fandeshan ya zama daidai da wuya da ƙirji. Farin da Snyder ke sawa a fatar ido ya koma ruwan zuma ko ruwan zinariya marar ƙyalƙyali. Ruwan ƙasan lanƙwasar ido ya koma mai duhun gaske, wanda ya fi fatar duhu, in ba haka ba ba za a gan shi ba. Inuwar gashin idon nan ta ƙasa da baƙi za a ja ta. A baki, ja mai ɗan shuɗi-shuɗi ko mai duhun zoɓo ya fi riƙe matsayinsa, kuma da yake leɓen sama yakan fi na ƙasa duhu a baƙar fata, sai an fara daidaita su da fensir kafin a hau gini.

Batun sheƙi ma juyawa yake. Farar fata da inuwa ake fitar da siffarta, shi ya sa Pan-Cake ya yi mata daidai. Baƙar fata kuwa da hasken da take mayarwa ake ganin tudunta da kwarinta. Ava Berkofsky, wadda ta ɗauki shirin talabijin na Insecure, ta bayyana cewa takan nemi a bar wa fatar jarumanta ɗan sheƙi don fitila ta sami abin kamawa. Idan aka busar da baƙar fuska ƙaf da hoda don neman kamannin 1940, sai ta baje, ta rasa ƙashi. Nan hanyar Monroe ta danshi a saman kunci ta fi ta sauran jaruman zamaninta amfani. Farar hodar nan mai sinadarin silika da ake barbaɗawa a ƙasan ido ita ma tana mayar da hasken filashin kyamara, ta fito fari fat a hoton biki, don haka mai launin fata ko mai ɗan rawaya ta fi.

Akwai gwaji mai sauƙi da mai kwalliya za ta yi kafin ta sallami wadda ta yi wa aiki. Ta kashe fitilun ɗakin, ta bar guda a gaba sama da kai, ta ja da baya kamar taku uku, ta ɗauki hoto da kyamarar bayan waya, ta mayar da shi baƙi da fari, ta ajiye shi gefen hoton tauraruwar da take bi. Idan leɓe ya narke cikin fata, jan-bakin na buƙatar ƙarin duhu. Idan kumatu sun yi baƙi ƙirin, inuwar fenti ta haɗu da ta fitila, sai a rage ta fentin da soso mai ɗan danshi.